Gidan Hagu na Malam Abdussamad

Karo na uku ke nan Zaliha ta zare kaset ta dangwarar da shi gaban Shu'aibu, mai ɗaukar mata hoto. Tallar gidan sauro aka aike shi ya ɗauko, ya dawo da minti goma na bangon wani gida a unguwar Moursal da rabin jelar akuya. Ranar Asabar mutanen ƙungiyar lafiya za su zo kallo. In ba su ga abin kirki ba aikin ya koma hannun wasu, sutudiyonta kuma sai rufewa.

Abin haushin, senariyon, wato rubutun tsarin fim ɗin, ba shi da laifi ko kaɗan. Takarda ce mai gida biyu kamar yadda aka saba: gidan dama abin da kunne zai ji, gidan hagu abin da ido zai gani. Marubutan garin nan duk a dama suke ƙarewa, su cika shi da surutu, a hagu su rubuta "mace tana magana" su wuce abinsu. Amma marubucin wannan, Malam Abdussamad na unguwar Goudji, in ka karanta gidan hagunsa sai ka rantse ka riga ka kalli fim ɗin. Kamara ta bi ƙarar taɓarya har bakin turmi. Ta sauka kan yatsun uwa suna lalubar ɓula a jikin gidan sauro. Ta tsaya inda numfashin jariri ke fita. Launi ne kaɗai ba ya faɗa, Zaliha kuwa ta ɗauki wannan ladabi ne, ya bar wa darakta nata rabon.

Ba ta taɓa ganinsa ba. Shekara biyu matarsa Rakiya ke kawo takardun, bugaggu tsaf daga wajen mai tafireta a unguwar Kabalaye.

"Kai dai Allah ya ba ka ido, ya hana ka gani," ta ce wa Shu'aibu. Ta fizge kamarar, ta tare ɗan babur, sai Goudji. Mutumin da ke gani haka a takarda, ina ga ya riƙe kamara?

Ta same shi kan tabarma a inuwar darbejiya, rediyo a gefe, fuska sanye da baƙin tabarau irin na manyan daraktoci. Nan take ya ƙara girma a idonta. Kafin ta yi sallama ya ce marhaba da Madam Zaliha, wai Rakiya ta sha ba shi labarin takalmanta masu ƙwas-ƙwas.

Ta zayyana masa komai, ta yi wa Shu'aibu tatas, sannan ta ce daga yau kamara tasa ce. Ya yi dariya ya ce a'a. Zaliha ta san jan aji in ta gan shi, don haka ta ɗora masa ita a cinya. Ya shafa ta daga kai har gindi a natse, yadda masana ke yi, sannan ya tambaya ta wane ɓari take kallo. Zaliha ta tuntsire da dariya. Ashe har barkwanci ya iya.

"Madam, maganin Asabar ba wuya," ya ce. "Ki sa Shu'aibu ya rufe ido ya saurara. Inda kunnensa ya kai shi, nan zai kafa kamara. Ni ma haka nake yi."

Ta ce dabara ce mai kyau, amma ita idon mai dabarar take so, kuma ba za ta tashi ba sai ya amsa.

Rakiya ta fito da shayi, ta kamo hannun mijinta ta saka masa kofin a ciki.

"Madam, ki mayar wa Shu'aibu kamararsa," ta ce tana danne dariya. "Malam tun yana ɗan shekara biyu ƙyanda ta tafi da idanunsa."