Wayar Ƙasa

Mai gyaran wuta ya miƙo mata wayoyi biyu, ɗaya siririya kamar tsinken tsintsiya, ɗaya ta kusa kaurin ƙaramin yatsa.

"Hajiya, mai kaurin ce daidai da injin ruwanki. In wuta ta ɓalle, ita za ta janye ta zuwa ƙasa kafin ta sami mutum."

Ta dubi famfon tsakar gida. Nan autarta ta kama ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu bara, wuta ta riƙe ta. Irin siririyar nan ce a jikin injin ran nan.

"Sa mai kaurin," ta ce.

Ya haƙa rami, ya kafa sandar jan ƙarfe, ya ɗaura wayar, ya zuba gawayi da gishiri, ya binne.

"Ƙasar Kazaure dutse ce. A riƙa yayyafa ruwa, kada wurin ya bushe."

Mata ba sa raka gawa, don haka ba ta taɓa ganin makwancin yarinyar ba. Yanzu kullum da safe takan tsuguna gaban ɗan tudun da aka binne sandar da buta, ta yayyafa ruwa, ta shafe ƙasar da tafin hannu.

"Kin tashi lafiya, Auta?"