Kyaftin da Ya Ɗauki Ƙwallo Gayya

Tun da ka shigo ƙafarka ba ta daina rawa ba, ƙanena, kuma zancenka guda ne: wai a wurin da aka ba ka shugabanci akwai waɗanda ba ka ganin guminsu. To, zauna ka ji wani misali, in ma za ka iya zaman.

A zamanin da wasan ƙwallon ƙafa ya fara shiga manyan makarantu, wata jami'a ta kafa ƙungiyarta ta farko. Fili babu, sai aka aro musu wata gona ta sashen koyon noma. Suka baje ta da fartanya, suka kafa gora biyu a kowane ƙarshe, suka ɗaura igiya a sama, raga ke nan. Takalmi kuwa sai wanda Allah ya halicce su da shi. Kyaftin ɗinsu ɗan manomi ne, ƙaƙƙarfa, mai zuciya, amma ba ya iya zama wuri ɗaya, ko tuwo a tsaye yake ci. A ƙauyensu shi ke jan gayya, kuma ka san a gayya babu abin kunya kamar a ga ƙato ya kama ƙugu ana aiki. Da wannan ido ya shigo ƙwallo: inda take, nan kowa zai kasance. Babu mai ci masa tuwo a ƙwarya kamar mai tsaron ragarsu, wani dogon ɗalibi marar hayaniya, wanda aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin gora biyu ya zuba ido.

Haka suka yi kakar wasan nan babu sukuni. Yau suna bayan lori za su wata makaranta, jibi sun dawo an ci su. Duk dawowa sai kyaftin ya sake lale: ɗan baya ya koma gaba, ɗan gaba ya koma gefe, har mutum ya kwana bai san inda zai tsaya gobe ba. Da tsakar rana yake fitar da su gudu har tafin ƙafa ya yi bororo. Dogon nan ne ya sa cin da ake musu bai zama abin faɗa a gari ba, amma ƙwallon da ba ta shiga ba ba ta barin shaida, kyaftin bai taɓa gani ba. Ana nan damina ta matso, mutanen sashen noma suka ce a ba su gonarsu. Shugaban jami'a ya raba gardama: saura wasa ɗaya, a gida. In an ci su, a mai da gona. In sun yi nasara, ko da canjaras aka tashi, fili ya zama nasu har abada.

Ranar wasa hadari ya fara haɗuwa a gabas. Baƙin sun fi su iyawa, ba a ma magana, amma duk abin da suka jefo sai dogo ya cafe. Lokaci ya kusa cika babu wanda ya ci wani, ɗalibai har sun fara kiɗa da gwangwani, don canjaras ya ishe su. Kyaftin ne kaɗai bai ishe shi ba. A ransa an yini noma ba a ga amfani ba, wane irin aiki ke nan? Suka samu suka tura baƙin baya, ya waiwaya yana haki, sai ya hango dogo can nesa a tsaye, hannu a ƙugu. Ransa ya ɓaci.

“Kai dogo! Muna nan muna mutuwa, kai kana kallo kamar baƙon biki? Fito a yi da kai!”

“Yaya, ragar fa?”

“Ƙafa gare ta? Ina za ta?”

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Dogo ƙarami ne a kansa, ga idon jama'a, ga gorin lalaci. Ya sunkuyar da kai ya taho da gudu. Bai gama isowa ba, wani ɗan bayan baƙin, wanda gajiya ta gama da shi, ya ɗauke ƙwallo da ƙafa ya doka ta gaba, ba don komai ba sai don ya samu ya numfasa. Ta wuce ta kan kowa, ta faɗi, ta yi tsalle, ta ci gaba da gangarawa a hankali kamar tsohuwa ta taso daga kasuwa. Duk suka bi ta. Kyaftin ya fi kowa gudu, shi ya fara isa, amma abin da ya samu shi ne ɗauko ta daga bayan igiya. Alƙalin wasa ya busa usur.

Ruwan farko na sauka aka sa shanu da garma a filin, aka tumɓuke gorar, aka shuka gyaɗa. Ƙungiya ta watse. Har suka gama karatu dogo bai taɓa ce wa kyaftin kai ka jawo ba, kuma wannan shirun ya fi zagi yi masa zafi. Ni kaina yana ba ni tausayi, don ba mugu ba ne, kuma babu wanda ya kai shi son filin nan.

Saboda haka kafin ka taso kowa daga inda yake tsaye, tambayi abin da yake tsarewa. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.