Gari Mai Harafi Huɗu

Ƙofa ta arba'in da ɗaya ke nan da Curtis Brandvold ya ƙwanƙwasa tun safe, rigarsa ta manne da bayansa don gumi. Zafin garin Mesa a watan Satumba ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ya gyara katin shaidar aikin da ke rataye a wuyansa, ya riƙe littafinsa a ƙirji, ya jira.

A aljihunsa akwai wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa. Sunayen garuruwa ne a jere, kowanne da yawan mutanensa a gefe. Gary, dubu sittin da tara. Erie, dubu casa'in da huɗu. Waco, dubu ɗari da talatin da takwas. Reno, dubu ɗari biyu da sittin da huɗu. Waɗannan duk ya ja musu layi. Mesa ce ya daɗe yana jin tsoronta, don mutanenta sun haura rabin miliyan. Shi ya sa ya fara da unguwannin da haya ke da araha, waɗanda ke kusa da makarantun firamare.

Wata tsohuwa ta buɗe ƙofar kaɗan, ba ta cire sarƙar ba. Ofelia Barragán, in ji sunan da ke jikin akwatin wasiƙa.

"Barka da rana, Mama. Ƙidayar jama'a ce. Minti biyar kawai zan ci miki."

"Ni kaɗai ce a gidan," ta ce, ta fara tura ƙofar.

Curtis ya san irin wannan tsoron, ya gamu da shi a kowane gari. Ya sassauta murya ya ce babu ruwansa da takardun zama, ba ya tambayar inda aka haifi kowa. Ya ce da yawan yaran unguwa ake sanin malamai nawa za a turo makaranta, yaron da ba a ƙirga ba kuwa kamar babu shi ne.

Tsohuwar ta dube shi daga sama har ƙasa. Fuskarsa ta yi ja da rana, leɓɓansa sun tsattsage. Ta zare sarƙar.

"Shigo, ɗan nan, kafin ka faɗi a ƙofata a ce ni na kashe ka."

Ta zuba masa zoɓo mai ƙanƙara, ya shanye a tsaye. Da ta ga ya zauna a bakin kujera cikin ladabi, sai bakinta ya buɗe. Ashe ba ita kaɗai ba ce. Akwai ɗan ƙanwarta, Efraín, mai aikin rufin gidaje. Curtis ya rubuta sunan da sauri, bai tambayi shekarunsa ba.

Ta tagar kicin yana hango wani ɗan ɗaki a bayan gida, labulensa a sauke. A jikin bango an jingine ƙaramin keke mai launin rawaya.

"Can fa? Da mutane?"

Ofelia ta shiga goge tebur wanda ba shi da datti. Ta ce 'yan haya ne, mace da 'yarta. Matar tana aikin wanki a wani otel, ba ta shiga harkar kowa, ba ta buɗe wa kowa ƙofa. Ranar da ta kama ɗakin ma sai da ta roƙi alfarma kada a faɗa wa kowa komai game da ita.

"Na fahimta, Mama. Ba sai kin ba ni sunan uwar ba. Yarinyar dai, don makaranta."

Tsohuwar ta dubi ƙaramin keken ta taga. Tana son yarinyar nan kamar jikarta. Ita ke ba ta abinci ran Asabar, ita ta koya mata murza masara a tafin hannu. Ba za ta so a ce saboda ita aka manta da yarinyar ba.

"Tessa take. Shekararta bakwai. A watan Maris aka haife ta, har biki muka yi mata a nan tsakar gida. Ranar nawa ce ma?"

Tana can tana lissafi da yatsu, shi kuwa ya riga ya rufe littafin. Ya miƙe tsaye zumbur.

"Lafiya, ɗan nan?"

"Rana ce, Mama. Yaushe suke dawowa? Ina so uwar ta sa hannu."

Ta ce ƙarfe huɗu, bas ke sauke su a kwanar layi. Ta raka shi har ƙofa, ta cusa masa robar ruwan sanyi a hannu, ta yi masa addu'a Allah ya ba shi abin da yake nema.

Motarsa tana can ƙarƙashin wata bishiya marar inuwa, lambar jihar Ohio a bayanta, bargo da matashi a kujerar baya. Ya shiga ya zauna, bai tayar da ita ba. Ya fito da takardar garuruwan, ya dubi Yuma da Cary da suka rage a ƙasa, ya dunƙule ta ya yar.

Ya cire katin daga wuyansa. Shi ya buga abinsa a wani shago, don an gama ƙidaya tun shekara uku da suka wuce. Wata goma sha huɗu ke nan da ya laɓe a bayan ƙofa ya ji muryar 'yarsa Tessa a wayar kakarta tana murna ta iya rubuta sunan sabon garinsu, wai harafi huɗu ne kawai. Ya juya madubi yadda zai riƙa ganin kwanar layin, sannan ya yayyaga takardar kotun da ta hana shi kusantar matarsa tun ranar da ya karya mata muƙamuƙi.