An Cinye Karatun Lulong a Biki

Indai Lulong, wato uwar Lulong, ta kwana biyu ba ta da sukuni. 'Yarta na birnin Sibu tana karatun aikin jinya, shekarar ƙarshe, makaranta kuma ta ce ba mai zama jarrabawa sai ya biya kuɗin zango.

A dogon gidansu na ƙabilar Iban, inda iyalai da yawa ke zaune kowa da ƙofarsa, kowace ƙofa kan ware kwando guda na masoro bayan girbi, a sayar a tura wa ɗan gidan da ya kai babbar makaranta. Da masoron nan Lulong ta kai inda ta kai, don ubanta ya daɗe da rasuwa.

Bana sai shugaban gidan, Nyanggau, ya tara jama'a a baranda.

"Bikin girbi ya ƙarato," in ji shi. "Bara mutanen gidan da ke gangaren kogi sun yanka aladu har aka rasa mai ci, mu kuwa kaji muka ba baƙi. Bana ma kunyar za mu sha? A ari masoron 'yan makaranta, bayan biki a mayar."

 A barandar nan uwa ba ta roƙa wa ɗanta, sai dai dangi su yi magana a madadinta. Indai Lulong ta dubi ƙaninta Gerinang. Gogan naka ya sunkuyar da kai, yana ta gyaran tabarmar da ba abin da ya same ta.

Da aka watse ta tare shi. "Haba Gerinang! Kai ne fa kawunta."

"Yaya, ni kaɗai zan ja da gida guda? Yarinya ta kusa gamawa, makaranta za ta yi haƙuri."

Makaranta ba ta yi haƙuri ba.

An sha biki kam, ganguna da giyar shinkafa, baƙi suka koma suna yabo. Mayarwa fa? Kowa ya ce sai girbin baɗi.

Lulong ba ta zo bikin ba. Wani mai kwalekwale ne ya kawo labari cewa an cire sunanta daga makaranta, tana wankin kwanuka a wani gidan abinci. Uwar ta ja ƙafa ta hau tudun da waya ke kamawa, ta kira ta.

"Ki dawo gida, 'yata."

"Inna, da wane ido zan kalli mutanen da suka raka ni bakin kogi da kiɗa?"

"Ai ba laifinki ba ne."

"Na sani. Na gaji ne kawai, Inna."

Matar nan ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Jama'a, abin da aka ware don karatun yara amana ne, ba na kece raini ba. Wanda kuma ya ga ana taɓa shi ya yi shiru, da shi aka ci.