Fitilar Tagar Ustaz Fahmi

Sau uku Widad ta zagaya fitilun nan biyu a shagon Usta Shukri mai fitilu da ke kasuwar Attarin. Ɗaya mai ƙafa uku ce, ta baje ƙafafu tana tsaye da farar hula. Ɗayar doguwa ce mai lanƙwasasshen wuya, gindinta dutse, kanta ya sunkuyo kamar mai neman allura a ƙasa.

Ba neman ado ya fito da ita ba. Gidan da take ciki, hawa na uku a wani lungu na unguwar Muharram Bek, tsohuwar haya ce tun ta kakanta, kuɗin wata ko kilon nama bai kai ba. Daga kakan hayar ta gangaro kan mahaifinta, Ustaz Fahmi, daga kansa kuwa doka ta rufe ƙofar gadon haya. Ran da ya bar duniya, ran nan mai gida zai karɓe makulli, Widad da 'ya'yanta mata biyu su san inda dare ya yi musu.

Mai gidan, Hajji Abdul Mu'ti, yana benen da ke fuskantar nasu, taga da taga. Shekara ashirin ke nan yana jiran wannan rana. Kullum bayan magariba yana nan zaune bakin taga da mayafinsa na ulu, carbi a hannu, ya fuskanci tagarsu. Ba ya amsa gaisuwa, amma dama can bai taɓa amsawa ba. Tun da gwiwa ta hana shi saukowa, ɗansa Rif'at ke riƙe da komai. Sauran 'ya'yan shida suna Alƙahira da Kuwait, suna jiran a raba gado a sayar da benen. A lungun nan kowa da wanda yake jira.

Shi ma Ustaz Fahmi kullum bayan magariba yana kan kujerarsa bakin taga da jarida, don Hajji ya gani ya haɗiye takaici. Sai ga tsohuwar fitilar da ke haska shi ta ƙone ranar Talata. Kwana biyu taga na cikin duhu, kuma Widad ta san kwana na uku Rif'at zai hawo bene da ledar lemo, wai ya zo duba jikin Ustaz.

"Madam, za ki cinye min daɓen shago da zagaye," in ji Usta Shukri. "Ta falo ce ko ta karatu?"

"Ta babana ce. Wacce ta fi haska fuska?"

"Mai ƙafa uku. Wannan ba ta da sirri, ko ƙurjin da ke hancin mutum sai ta nuna wa maƙwabta."

"Wannan mai ƙusumbin fa?"

"Ita ta bayan kai take leƙowa. Hasken ya zuba kan cinya da hannu, fuskar ta zauna a inuwa."

Widad ta shafa wuyan fitilar. "Tana zafi? Ina nufin, in ta daɗe kusa da auduga."

"Ko ta kwana kan katifa," ya ce, bai ko ɗago daga wayar da yake naɗewa ba.

Mai ƙafa uku ta fi araha da fam ɗari huɗu, kuma za ta iya rungumo ta a tarago. Ta lanƙwasar sai an kawo a mota an haɗa a gida. Widad ta biya ta lanƙwasar, ta ce a ajiye mata a ƙofa kawai.

Gab da magariba Usta Shukri ya hawo da dutsen gindin a kafaɗa yana haki. Ta tare ƙofa ta ce Baba na barci. Ya ce shekara talatin bai taɓa barin fitila a kwali ba, ba kuma a kanta zai fara ba. Ya yi sallama ya kutsa kai.

Ustaz Fahmi na kan kujera: jallabiya mai ruwan toka cike da matasan kai uku, farar hula, tabarau a maƙale da fil, jaridar makon jiya an manne ta da safar hannu. Shi Ustaz Fahmi na gaske shekara biyu ke nan a maƙabartar garin Suhaj. Ya je wajen ƙanwarsa ne ciwo ya kayar da shi, aka binne shi can shiru. Widad ba ta sa baƙaƙen kayan makoki ba, ba ta karɓi ta'aziyyar kowa ba, kukan ubanta ma a banɗaki ta yi shi da famfo a buɗe. Abin nan yana cinta har yau.

Usta Shukri ya sauke dutsen a ƙasa. Ya durƙusa ya ɗaura wuyan fitilar, ya ja ta bayan kujera, ya kunna. Sannan ya ja da baya ya duba, ya dawo ya gyara wa Ustaz hula, ya ɗan tura masa kafaɗar hagu ta sauko.

"Tsoho ba ya zama a miƙe haka," ya ce.

Widad ta matso kusa da shi. Ta kama hannun rigarsa, hawaye na zuba. "Usta, don girman Allah ka rufa min asiri. 'Ya'ya mata gare ni. In Hajji ya ji, a titi za mu kwana."

Ya tattara kayan aikinsa a jaka, ya leƙa tagar da ke fuskantarsu, inda haske ya riga ya zuba kan mayafin ulu.

"Wane Hajjin?" ya ce. "Irin fitilar nan sak na kafa wa Rif'at a waccan tagar shekara huɗu da suka wuce, Madam. Da hannuna na ɗinke carbin a jikin matashin kan da ke zaune can."