Birkin Guguwa

"Taka," in ji Kawu daga ƙarƙashin motar.

Guguwa ya danna birki daga kujerar direba. Kawu ya sassauta noti, man birki ya tsarto cikin kwalba tas da shi, babu ko ɗigon kumfa. Ya ɗaure notin, ya goge hannu a tsumma, ya ce har yanzu akwai sauran iska a ciki.

Ƙarya yake yi, kuma ƙaryar ta fara ƙare masa.

Guguwa ɗan ƙanwarsa ne. A garejin nan ya girma, a filin tseren motoci kuma ya samo wannan laƙabi. A tserensa na ƙarshe birki ya ɗau zafi ya ƙi kamawa a kwana, motar ta rungumi shinge. Ya fito daga asibiti da hannuwansa da ƙafafunsa lafiya, da magana ɗaya a bakinsa: a sa wa motar birkin da zai jure wutar fili, ya kuma yi ladabi a cunkoson titi.

Kawu ya gyara gaban motar da ya lotse, ya sake gilashi. Ya ɗaura manyan faya-fayan birki masu huji don su riƙa shan iska, da takalman birki da ba sa laushi in sun gasu, da tiyo mai rigar ƙarfe, da man da ba ya tafasa da wuri. Aikin ya kammala tun tuni. Bai taɓa haɗa birki mai kyan wannan ba.

Sai dai ƙanwarsa ta zo har gareji ta tsuguna masa. Ta roƙe shi kada motar nan ta sauka daga kan jak, kada kuma ya ce wa yaron ba zai yi ba, don motar ce kaɗai ke fito da shi daga ɗaki. Kawu ya amsa mata duka biyun, bai san ya kulle kansa ba.

Kullum da hantsi matar Guguwa take kawo shi a 'yar motarta, ta rako shi har ciki. Kawu ya hana kowa gusar da ko sifana daga inda take. Guguwa yakan tsuguna ya bi faifan da yatsa, huji bayan huji, ya shinshina man, ya tambayi abin da ya rage. Kawu ya ƙirƙiro masa. Yau faifai ya ɗan karkace, gobe tiyo na tsatsafo, jibi takalmin bai zauna ba. Ya kwance abin da ya ɗaure, ya ɗaure abin da ya kwance, har notuna suka fara cinyewa. Abokan sana'a suka shiga yi masa tsiya, wai tsufa ya kama shi, birki ɗaya ya gagare shi. Ya haɗiye.

Yau kuwa Guguwa bai sauko daga kujerar ba. Ya sake takawa a hankali, ya riƙe. Fedar ta tsaya ƙyam, ko motsi.

"Kawu, kai ka koya wa ƙafar nan aiki. Ba ta yi mini ƙarya. Birkin nan ya daɗe da gyaruwa."

Kawu ya fito daga ƙarƙashin motar, gwiwoyinsa na ƙara. Ya laluba cikin kansa ko akwai sauran wani aibi, bai samu ba. Ya dubi matar Guguwa. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi, tana girgiza masa kai. Idan ya ba da makulli ya ci amanar uwa. Idan ya hana, gobe ɗan ba zai fito daga ɗaki ba. Garejin ya yi masa ƙunci.

Guguwa ya kama sitiyari da hannu biyu. Muryarsa ta sauka. Ya ce ya san abin da likita ya faɗa wa mahaifiyarsa a bayan ƙofa, kunnensa ai bai samu rauni ba. Ya ce ya bar Kawu yana ta wahala ne don shi ma ba ya son aikin ya ƙare.

"Ba inda za ni, Kawu. Bar ta a kan jak. Muryarta kawai nake son ji."

Kawu ya zaro makullin daga aljihu, ya miƙa ta taga. Makullin ya yi ta reto daidai fuskar Guguwa, shi kuwa ya buɗe tafi ta wani ɓangaren daban yana jira a ɗora masa, kamar yadda ake ɗora masa komai tun ranar da fasasshen gilashi ya tafi da idanunsa.