Cutar da Ta Hau Babur

"Matsa, a yanka su kafin su zama mushe!"

Yayan mijinta ne, wuƙa a hannu. Kajinta masu ƙwai suna ta zubewa, wuya a murɗe, amma ta tokare ƙofar ɗakinsu.

"Yaya, ko fiffike ba zai je kasuwar Rano ba. Ba zan sayar wa mutane cuta ba."

"Ke da ƙazantarki ta jawo wa garin Fassi annoba, har kina da baki?"

Ba ta matsa ba. Da hannunta ta binne su, ta ware uku cikin ƙanƙara ta bai wa likitar dabbobi. Gari ya daina gaishe ta.

Ranar da likitar ta dawo, a tsakar gida ta yi bayani, Yaya na tsaye.

"Cuta ma tana da dangi. Mun duba ƙwayoyin halittar wannan. Uwa ɗaya uba ɗaya suke da wadda ta fara kashe kajin Rurum."

"Ban taɓa taka Rurum ba," in ji mai kajin, ta juya a hankali.

Babur ɗin Yaya na jingine da katanga, ɗaure da tulin kiret na kwali, duk busasshen kashin kaji. Kullum daga Rurum yake kwaso su, ya sauke mata ta zuba ƙwai.

Sai ga sallama. Wata baƙuwa ce daga Fammar, matacciyar kaza na reto a hannunta.

"Nan ne gidan mai kawo mana kiret?"

"Shigo, Hajiya," in ji mai kajin, ta nuna Yaya. "Ga shi nan."